Suna Linzami: Su Wa Ke Bayan Sunayen Hanyoyin Hawan Dutse?

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin jagora na masu hawan dutse zai ga hoton dutse a shafi, an ja masa layuka daga gindi zuwa ƙololuwa kamar taswirar unguwa, kowane layi da lambarsa. A ƙasan hoton an jera bayani: sunan hanya, tsawonta, matakin wahalarta, sannan can a ƙarshe, da ƙananan haruffan da sai ka matso da ido, sunayen waɗanda suka fara bin ta da shekarar da suka bi. Yawancin masu hawa ba sa karanta wannan layi na ƙarshe. Matakin wahala kawai suke dubawa, su ɗaura igiya, su kama dutse. Alhali tarihin wasan nan, da alherinsa da rashin adalcinsa, a wannan ɗan layin yake kwance.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka dutse ɗaya hanya ɗaya gare shi. A'a. Fuskar dutse guda tana iya ɗaukar hanyoyi goma ko ɗari: wannan ta bi tsaga, waccan ta bi kusurwa, wata ta ratsa falalen da babu abin kamawa a kansa sai ɗan tudun da bai fi faɗin farce ba. Dutsen El Capitan da ke kwarin Yosemite a Kalifoniya, mai tsayin kusan mita 900, yana da hanyoyi fiye da ɗari. Dole kowace ta sami suna, in ba haka ba mutum biyu ba za su iya zama su yi hirarta ba.

Al'adar da aka gada ita ce wanda ya fara kai hanya ƙarshe shi ke raɗa mata suna. Babu hukumar da ke tantancewa, ba a tara jama'a, ba a yanka rago. Mutum ya sauko, ya rubuta abin da ya yi a littafin ɗakin saukar mahaya ko a mujallar ƙungiyarsu, mai shirya littafin jagora ya kwafa, shi ke nan suna ya zauna. A farkon lamarin ma ba mai hawan ne ke zaɓa ba. Abokansa ne za su riƙa cewa "hanyar wane", har bakin kowa ya saba.

A Ingila ana ɗaukar watan Yunin 1886 a matsayin mafarin hawan dutse don nishaɗi, lokacin da Walter Parry Haskett Smith ya hau wani tsinin dutse mai suna Napes Needle a yankin tafkuna na arewa maso yammacin ƙasar, shi kaɗai, ba igiya, ya bar hankicinsa a sama don shaida. Waɗanda suka biyo bayansa suka cika duwatsun yankin da sunayensu. A kan dutsen Scafell akwai hanyar Jones, ta Owen Glynne Jones, malamin kimiyya a Landan, wanda ya tuɓe takalma ya haye ta da safa a 1898, ya kuma mutu shekara ɗaya bayan haka a tsaunin Dent Blanche na Suwizalan. Kusa da ita akwai falalen Botterill, wanda Fred Botterill ya hau a 1903 da takalma masu ƙusa a tafi. Har gobe mai hawa na zamani, da takalmin roba mai manne wa dutse da igiyar da ke iya tare faɗuwa, sai ya nutsu kafin ya wuce wurin. Su kuwa mutanen da, igiyar rama ce ɗaure a ƙugu, kuma babu abin da na gaba zai maƙala ta a jiki. In ya zame, sai dai ya janyo na baya su tafi tare. Haka ya faru a watan Satumbar wannan shekara ta 1903, aka rasa mutum huɗu lokaci guda a fuskar Scafell. Gicciyen da aka sassaƙa musu a jikin dutse yana nan a gindin wurin.

To, har nan suna yana yin aikinsa, yana tuna wa na baya cewa wani ya riga shi. Matsalar tana farawa ne idan aka tambaya: sunan wa aka sa, kuma wa ya yi aikin?

A saman garin Chamonix na Faransa akwai tsauni mai suna Grépon, tsayinsa mita 3,482. Mabuɗin hawansa wata tsaga ce a miƙe, wadda duk duniyar mahaya ta sani da tsagar Mummery. Albert Frederick Mummery ɗan kasuwa ne daga Dover, mai masana'antar jima, kuma a watan Agustan 1881 ya kai ƙololuwar Grépon tare da 'yan jagora biyu 'yan Suwizalan da ya ɗauka haya, Alexander Burgener da Benedikt Venetz. Wanda ya shiga tsagar nan a gaba, ya cusa kafaɗa da gwiwa ya murje har sama ba tare da igiya a bisansa ba, Venetz ne. Mummery ya biyo ne da igiya tana riƙe da shi daga sama. Amma ba a ce tsagar Venetz ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a zalunci Mummery, domin shi da kansa bai ɓoye wanda ya yi gaba ba, kuma a 1892 ya dawo ya jagoranci hawan tsagar da kansa ba ɗan jagora. Jarumi ne na gaske, a tsaunin Nanga Parbat na Himalaya ya ƙare a 1895. Abin lura shi ne tsarin zamanin. Mai kuɗi shi ke zuwa daga birni, shi ke biya, shi ke da ƙungiya da mujalla, shi ke komawa gida ya rubuta labari da harshen da duniya ke karantawa. Ɗan jagora kuwa manomi ne ko makiyayi ko maharbin ƙauyen gindin tsauni, in kakar hawa ta wuce ya koma wa shanunsa. Alƙalami yana hannun wanda ya biya, suna kuma alƙalami yake bi. Ko a mutuwar Mummery ma haka: sojojin Gurkha biyu, wato 'yan Nepal da ke rundunar Birtaniya, Ragobir Thapa da Goman Singh, sun ɓace tare da shi, amma ba kasafai ake ambatonsu ba.

Wani lokaci ma mai sunan ko kusa da hanyar bai je ba. Shahararren ƙashin bayan dutsen nan na arewacin tsaunin Grandes Jorasses da ke iyakar Faransa da Italiya ana kiransa da sunan Walker, saboda ya ɓulle ne a ƙololuwar da Horace Walker ya hau a 1868 ta wani ɓangare mai sauƙi. Wanda ya fara bin hanyar kanta Riccardo Cassin ne, ɗan Italiya, da abokansa biyu, a 1938, shekara saba'in bayan Walker. 'Yan Italiya dai "hanyar Cassin" suke cewa.

Akwai inda aka yi adalci, shi ya sa nake son labarin tsibirin Skye na Sukotilan. John Mackenzie ɗan ƙauyen Sconser ne, ɗan jagora, Norman Collie kuma farfesan ilimin sinadarai ne a Landan. Sun shafe shekaru da dama suna hawa tare a duwatsun Cuillin, har abin ya tashi daga haya ya koma abota. Yau ƙololuwa biyu a jerin duwatsun suna ɗauke da sunayensu da harshen mutanen wurin: Sgùrr Mhic Choinnich ta Mackenzie, Sgùrr Thormaid ta Collie. Mackenzie ya rasu a 1933, Collie a 1942, aka binne farfesa kusa da ɗan jagoransa a Struan. A 2020 aka kafa musu mutum-mutumi tare a Sligachan. Duk da haka ko a nan sai da alƙalami ya yi halinsa: wata siririyar hanya a jikin ƙololuwar Mackenzie an fi saninta da sunan Collie, alhali Mackenzie ya riga ya ratsa ta a 1887 tare da wani ɗan Ailan, Henry Hart.

Wasu sunayen kuma kabari ne. A arewacin tsaunin Eiger na Suwizalan akwai bango mai tsayin kusan mita 1,800, kuma kusan kowane sashe nasa yana da suna. Ɗaya shi ne Makwancin Mutuwa, inda aka yi wa Karl Mehringer da Max Sedlmayer ganin ƙarshe a 1935. Wani shi ne ƙetaren Hinterstoisser. A watan Yulin 1936 samari huɗu suka shiga bangon: Andreas Hinterstoisser da Toni Kurz daga Jamus, Willy Angerer da Edi Rainer daga Ostiriya. Suka iske wani falale sumul da ya tare hanya. Hinterstoisser ya kafa ƙusa a sama, ya rataya da igiya, ya riƙa jan jiki gefe-gefe har ya ƙetare, sauran suka biyo. Sai suka zare igiyar suka tafi da ita. Can sama dutse ya faɗo wa Angerer a ka, yanayi ya ɓaci, suka yanke shawarar komawa. Da suka dawo falalen, ƙanƙara ta lulluɓe shi, babu igiya, babu hanyar ƙetarawa baya. Suka nemi sauka kai tsaye, a nan uku suka halaka. Kurz ya kwana rataye a igiya, hannunsa ɗaya ya daskare. Masu ceto suka fito ta wata taga ta ramin jirgin ƙasa da ke ratsa cikin tsaunin, suka aika masa da igiya biyu da aka ƙulla. Yana saukowa, ƙullin ya maƙale a zoben ƙarfen da ke ƙugunsa, ya ƙi wucewa. A nan ya cika, 'yan mitoci kaɗan daga hannun masu ceto, yana da shekara 23.

Bayan shekara biyu, a Yulin 1938, Anderl Heckmair ya jagoranci mutum uku suka gama bangon, hanyar ta zama ta Heckmair. Amma duk wanda zai bi ta sai ya ratsa ƙetaren Hinterstoisser, inda yanzu igiya take a kafe. Sunan ya zama darasin aiki: kada ka zare abin da zai mayar da kai gida.

A Amurka suna ya taɓa zama makamin gardama. John Salathé maƙeri ne ɗan Suwizalan, haihuwar 1899, da ya yi ƙaura zuwa Kalifoniya, bai kuma fara hawan dutse ba sai da ya haura shekara arba'in. Ƙusoshin da ake kawowa daga Turai a lokacin na ƙarfe mai taushi ne, in an buga su a tsagar dutsen Yosemite sai su lanƙwashe, ba su sake moruwa. Salathé ya koma maƙerarsa ya ƙera nasa da ƙarfe mai tauri (ana cewa daga sandar ƙafar tsohuwar mota ƙirar Ford), waɗanda za a buga, a zare, a sake bugawa a gaba. Wannan ya sa mutum biyu za su iya shiga dogon bango da kayan da za su iya ɗauka. A 1950 shi da Allen Steck suka kwana biyar a arewacin dutsen Sentinel cikin zafi da ƙishirwa, hanyar har yau Steck-Salathé ake ce mata.

A watan Nuwamban 1958 Warren Harding da abokansa suka gama hanyar farko ta tsakiyar El Capitan, wadda ake kira Hanci saboda siffar wurin. Sun yi kwana arba'in da wani abu suna aiki, a rarrabe cikin fiye da shekara guda, suna hawa suna sauka ta igiyoyin da suka kafa, suka kuma huda dutse suka dasa ƙusa 125. Wannan salo bai kwanta wa Royal Robbins ba. A 1961 shi da Tom Frost da Chuck Pratt suka buɗe wata hanya a bangon da ƙusoshin huji 13 kacal, suka sa mata suna Bangon Salathé. Tsohon maƙerin bai taɓa taka ta ba, ya ma daina hawa tuni. Sun ɗauko sunansa ne don su ce wa Harding: ga kakanmu, ga irin hawan da muka yarda da shi. A jikin Hancin kuwa akwai wasu tsagogi da ake kira Ƙafafun Murhu, domin sun yi faɗin da babu ƙusar da ta dace da su, sai da aka yanko ƙafafun tsohon murhun ƙarfe aka mayar da su ƙusa. A ganina wannan ya fi kowane suna a bangon gaskiya, domin ya faɗi yadda aka yi aikin.

Bayan yaƙin duniya na biyu salon suna ya sauya, saboda dalili biyu. Hanyoyi sun yi yawa, mutum ɗaya yana iya buɗe ɗaruruwa, ba zai yiwu kowace ta zama "hanyar wane" ba. Sannan masu hawan su ma sun sauya. Joe Brown mai gyaran famfo ne daga Manchester, abokinsa Don Whillans ma haka, ba 'yan jami'a ba ne masu hutun wata uku. A 1951 suka hau wata hanya mai ban tsoro a kwarin Llanberis na Wales, a kan hanyar komawa gida suka ga motar bas da aka rubuta mata inda za ta, Ƙofar Maƙabarta, suka ce to ga suna. Daga nan sunaye suka zama barkwanci, ko habaici, ko baitin waƙa, sunan mai hawa ya koma cikin ƙananan haruffan nan na ƙarshen layi. Wato dai lokacin da talaka ya shigo wasan, lokacin ne aka daina sa wa hanya sunan mutum.

Zamanin dasa ƙusoshi tun kafin hawa ya zo da sabuwar rigima. A yau sau da yawa mutum ɗaya ne ke gano hanya, ya sauko da igiya daga sama, ya share ta, ya huda ya dasa ƙusoshin tsaro da kuɗinsa, amma ta fi ƙarfinsa, sai wani gwani ya zo bayan shekaru ya haye. Wa ke da haƙƙin suna? A Faransa mai dasawa ne, a Amurka mai hayewa. A dutsen Céüse na kudancin Faransa, Jean-Christophe Lafaille ya dasa wata hanya a 1989 ya kira ta Biographie. Ba a kai ƙarshenta ba sai a Yulin 2001, da Ba'amurke Chris Sharma ya haye, ya kira ta Realization bisa al'adar ƙasarsu. Faransawa ba su karɓi sabon sunan ba. Hanya ɗaya ta zauna da suna biyu, ko da yake na farkon ya fi rinjaye yanzu. Lafaille ya ɓace a tsaunin Makalu na Himalaya a watan Janairun 2006, wannan ma ya ƙara wa sunan da ya zaɓa nauyi.

Ana kuma shafe suna da gangan. Paul Preuss, ɗan Ostiriya, yana cikin gwanayen da ba a taɓa yin irinsu ba kafin yaƙin duniya na ɗaya. Aƙidarsa ita ce kada mutum ya hau abin da ba zai iya saukowa da hannu da ƙafa ba, ƙusa kuma ta gaggawa ce kawai. Ya faɗo ya mutu a watan Oktoban 1913 yana da shekara 27. Mahaifinsa Bayahude ne, kuma tun 1921 babban reshen ƙungiyar mahaya da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, ya hana Yahudawa zama mambobi. Daga nan har zamanin 'yan Nazi aka riƙa kau da kai daga ambatonsa a ƙasashen masu jin Jamusanci. Abin da ya riƙe sunan shi ne dutse: tsagar Preuss a duwatsun Dolomite na Italiya, da ɗakin saukar mahaya da Tita Piaz, babban abokin gardamarsa kan batun ƙusa, ya sa wa sunansa. Daga baya shahararren mahayi Reinhold Messner ya tono tarihinsa ya dawo da shi gaban jama'a.

Akasin wannan shi ne sunan da ya kamata a shafe. Da yake babu mai tantancewa, wasu sun yi amfani da damar sun sa sunayen batsa da na cin zarafin baƙaƙen fata da mata. A 2020, lokacin zanga-zangar kisan George Floyd, maganar ta fashe a Amurka, aka canza sunaye da yawa, ciki har da wani bango a kwarin Ten Sleep na jihar Wyoming da ake kira Bangon Bauta. Masu adawa suka ce ana ruguza tarihi. Hujjar ba ta da ƙarfi: sunan wanda ya fara hawa da shekararsa suna nan a littafi, abin da aka cire kawai zagi ne da aka tilasta wa kowane baƙo ya furta kafin ya ɗaura igiya.

Ƙarƙashin duk waɗannan kuma akwai sunayen da suka riga mahaya. Kafin dakarun Turawa su shiga Yosemite a 1851 su ce El Capitan, mutanen Ahwahneechee, 'yan asalin kwarin, suna da sunan da suke kiran dutsen. Dutsen da taswira ta kira Hasumiyar Shaiɗan a Wyoming, wanda shahararriyar hanyarsa ke ɗauke da sunan Jack Durrance tun 1938, Masaukin Beyar ne a wurin 'yan Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, wurin ibada ne kuma. Tun 1995 ake roƙon mahaya su ƙaurace masa a watan Yuni saboda bukukuwan addinin mutanen wurin. Roƙo ne, ba doka ba, wasu na bi wasu na ƙi.

Sai kuma inda suna ya fi dutsen daɗewa. A watan Agustan 1955 Walter Bonatti, yana da shekara 25, ya shiga ginshiƙin kudu maso yammacin tsaunin Petit Dru a saman Chamonix shi kaɗai, ya yi kwana shida kafin ya fito sama. Aka kira wurin Ginshiƙin Bonatti, ya zama burin duk wani gwani na tsawon shekara hamsin. A watan Yunin 2005 ginshiƙin ya ɓalle ya zubo ƙasa, ƙurarsa ta turnuƙe kwarin. Masana na danganta yawan irin wannan zaftarewa da narkewar ƙanƙarar da ke riƙe da tsagogin manyan tsaunuka. Bonatti yana raye lokacin, sai a 2011 ya rasu. In ka tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Montenvers a saman Chamonix ka ɗaga kai, abin da za ka gani shi ne wani dogon tabo mai launin toka a jikin dutse mai ruwan ƙasa, 'yan jagora kuma har yanzu in suna nuna wa baƙi wurin, Ginshiƙin Bonatti suke cewa.